Kanyar Azumi a Tulun Sanyi

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini, jikokina, ko da yake wannan jiya ta faru, ƙafafuna ma ba su huce ba.

Ƙawata Azumi ta sauko Tawa daga Barmu da sassafe, da ƙwaryar fura da bargo, wai in raka ta ganin ɗiyarta ta riƙo. Ɗiyar nan kanya ce. Kakan Azumi ya dasa uwar, duk Adar babu mai zaƙinta. Bara waccan da ta fara bushewa, masu furoje, ma'aikatan shirin adana itatuwa na gwamnati, suka zo da fararen riguna, suka yanki ɗan tohonta da bai kai ƙwayar gero ba. Suka ce za su rene shi a kwalba, su kwantar da shi a tulun ƙarfe mai sanyin da ya fi ƙanƙara, ko bayan shekara ɗari aka tashe shi zai zama itace. Bana uwar ta mutu. Azumi na son dashe kafin ruwa ya sauka.

Na ce, "Bargon hwa?"

Ta ce, "Ke Rakiya, ɗiyarki na cikin ɗari ki tahi hannu banza?"

A ofis muka iske shugaban wurin, Mai Girma Uban Sanyi, Allah shi ƙara mishi iska, yana fifita da takarda. Ya yi mana jawabi mai daɗi kan gadon jikoki. Azumi ta gaji, ta dafa tulun.

"Mushe, ranka shi daɗe! Wanga tulu ɗumi gare shi kamar tukunyar koko!"

"Inna, ruwan sanyin ƙarewa yake yi, sai ana ƙarowa daga Yamai. Motar da ke kawo shi an are ta yaƙin zaɓe."

"Tun yaushe?"

"Tun na farko. Kin san dimokuraɗiyya, ana gama wani a shiga wani."

Na ma san motar. Ita ce mai lasifika da ke wucewa ta ƙofar gidana tana alkawarin dasa itace miliyan. Madalla da manyanmu. Suna can suna hangen shekara ɗari, ai bai kamata mu dame su da watan gobe ba.

Azumi ta ce, "To ku ba ni gawar, in binne ta gindin uwarta."

"Kayan gwamnati ne, Inna. Sai da izini daga sama."

Azumi ta hau motar Barmu babu dashe, babu gawa. Tulun na nan ana gadinsa sosai. Uban Sanyi kuwa, mai gadi ya shaida mana an ƙara masa girma, zai koma arewa adana dabino. Masu dabino, ni dai na faɗa muku.