Kallamu da Mitar Jar Mota

A wani ƙauye bayan Funtuwa akwai wani mutum ana ce masa Kallamu. Gidansu mutum uku ne, shi da matarsa Tabawa da tsohuwarsu Inna Kande, sai wani jaki da maƙwabta ke cewa ya fi maigidan saurin gane magana. Kallamu ba mahaukaci ba ne, ba kuma malalaci ba. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da sama za ta faɗo. Ƙanensa Ilu kuwa tun yana ƙarami ya shige Funtuwa ya koyi wayarin ɗin mota, har ta kai in wutar mota ta gagari kowa sai a ce a kai wa Ilu. Sunan nan shi ne jarinsa, kuma yana ji da shi sosai. Da aikin gona ya ƙare Inna ta ce wa Ilu, "Ka tafi da yayanka ya riƙa kama maka aiki." Ilu ya ce to, don ba a yi wa Inna musu, amma ba da son ransa ba.

Satin da suka iso, wani dattijo mai suna Injiniya Barau ya sa aka jawo wata tsohuwar motar tsere garejin Ilu, ja, mai ƙofa biyu. Mitarta ce ta mutu, wato allon nan na gaban direba mai nuna gudu da mai da zafin inji. Sai an canza ta, a kuma yi wa sabuwar saiti da kwamfuta kafin motar ta yarda da ita. Masu wayarin uku sun taɓa sun ajiye. Ilu ya bugi ƙirji a gaban duk 'yan layin gareji ya ce, "Juma'a ta uku, Injiniya, da kanka za ka tuƙa ta zuwa Zariya." Mutane suka ji, suka kuma riƙe.

Wata rana Ilu ya kwance tsohuwar mita, wayoyi suka bayyana a bayanta kamar taliya. Ya miƙa wa Kallamu gwangwanin jan fenti da tsinke ya ce, "Yaya, kafin ka zare kowace waya ka sa mata alama." Ya tafi duba wata tirela. Da ya dawo ya tarar an zare wayoyi talatin da biyu, an jera su a kan buhu tsaf, kowace da ɗigon ja guda ɗaya, iri ɗaya sak.

"Yaya, yanzu ta yaya za mu san wacce ce ta ina?"

"Wannan ban sani ba," in ji Kallamu. "Amma duba da kyau, ko ɗaya ban tsallake ba."

Ilu ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna yayansa ne, ga mutane. Ya haɗiye. Kwana uku ya yi yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, Sallau bakanike na rumfar kusa yana leƙowa yana tambaya ko a ƙaro fenti.

Wata rana Ilu ya ga gara ya nesanta shi da motar, sai ya naɗe tsohuwar mita a tsumma ya aike shi kasuwar kayan mota a Kano. "Ka nuna musu wannan. Irinta sak nake so, kada ka yarda a ba ka wadda ta bambanta ko kaɗan." Kallamu ya dawo da la'asar fuskarsa cike da fara'a. Aka jona abin da ya kawo, ko allura ɗaya ba ta motsa ba.

"Ai sai da na yi da gaske," ya ce. "Mai shagon ya kawo wata, ya jona ta da batir, allurai suka tashi tsaye. Na ce masa a'a, tamu ba ta motsi. Ya kawo wata, ita ma haka. Sai da ya shiga can ƙuryar shago kafin ya samo irin tamu. Ka ga har tsagewar gilashin."

Kafin Ilu ya isa Kano washegari don ya canzo, direbobin tasha sun riga sun kai labarin ko'ina. Mai shagon na ganinsa ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya kira maƙwabta su zo su ga ƙanen mutumin jiya. Ilu ya karɓi mai kyau ya fito kansa a ƙasa, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Wata rana aka zo wurin saiti. Ilu ya jona kwamfuta da motar, wani koren layi ya fara tafiya a hankali. Aiki ne na awa biyu, in ya katse a tsakiya sai an koma farko. Aka kira sallar azahar. Ya ce, "Yaya, zauna nan ka zuba wa allon nan ido. Kada ka taɓa komai, ka ji ko? Komai." Yana fita wata akuya ta ratsa rumfar ta fizge wayar caja daga soket. Ilu ya dawo ya tarar da kwamfuta baƙa ƙirin, Kallamu na zaune a gabanta idanunsa sun yi ja suna zubar da ruwa.

"Komai a idona aka yi," ya ce. "Akuya ta cire waya. Can sai abin ya rubuta wani jan rubutu, ya yi kuka sau biyu, ya mutu. Ko ƙiftawa ban yi ba."

"Ga wayar nan kusa da ƙafarka, Yaya!"

"Na gan ta. Cewa ka yi kada in taɓa."

Ranar Ilu bai iya zuwa teburin mai shayi ba, don ya san abin da ake tattaunawa a can.

Ranar Alhamis, ana gobe alkawari, saiti ya kammala. Ilu ya tayar da mota, allurai suka tashi, lambobi suka fito daidai. Abu ɗaya ne ya ƙi: wata 'yar jar fitila mai hoton buta, ta baƙin mai, ta kama ta ƙi mutuwa. Ya duba mai, a cike yake. Ya sake saiti, tana nan. Ya gaya wa kansa ai rikicin kwamfuta ne kawai, ya kuma san bai tabbatar ba. Amma ya tuna ƙirjin da ya buga, ya tuna dariyar Sallau. Sai ya waiga hagu da dama, ya sa yatsa bayan mita ya murɗe ɗan ƙwan fitilar, ya jefa shi cikin gwangwanin notuna. Ja ta ɓace. Dabara ce da wasu ke yi, shi kuwa bai taɓa yin ta ba sai ranar.

Wata rana, wato safiyar Juma'ar, Ilu zai je aski don ya tarbi Injiniya fes. Ya ce, "Yaya, ɗaure mitar nan. Duk abin da ya fito daga motar nan ka mayar da shi inda yake, ko noti ɗaya kada ya rage." Kallamu ya zazzage gwangwani, ya ga ɗan ƙwai. Ya juya mita ya yi ta dubawa har ya sami rami guda da babu komai, ya murɗa shi ciki, ya ɗaure notuna.

Da hantsi Injiniya Barau ya iso da farar shadda, 'yan layi suka taru. Ya shiga ya murɗa makulli. Inji ya yi gurnani, allurai suka tashi, aka fara tafi. Sai ga jar buta tana haske a tsakiyar mita.

Kafin Ilu ya nemo abin faɗa, Kallamu ya matso yana murmushi. "Ni na mayar da ƙwan fitilar, ranka ya daɗe. Jiya na ga Ilu ya cire shi ya jefa a gwangwani, ina jin mantawa ya yi."

Injiniya ya kashe motar nan take, bai ko kalli Ilu ba, ya ce Sallau ya shiga ƙarƙashi ya kwance ma'ajiyar baƙin mai ya duba. Bayan rabin awa Sallau ya fito da rariyar famfon baƙin mai a hannunsa, ta toshe da dattin shekaru kamar an shafe ta da kwalta. Wannan karon bai yi dariya ba. "Da an hau titi da ita, ko garin Giwa ba za ta kai ba injin zai buga," ya ce. "Kuma irinsa babu shi a ƙasar nan."

Ilu ya tsaya da sabon askinsa, gumi na bin wuyansa. Sati uku yana jin kunyar a ce wannan yayansa ne, yau ga shi ya kasa ɗaga ido ya dube shi. Kallamu ya ga fuskar ƙanensa, murmushinsa ya gushe. Ya raɗa masa, yadda kowa ya ji, "Na sake yin ɓarna ko? In cire shi?"

"Bar shi, Yaya," in ji Ilu. "Ni na yi ɓarnar."

Injiniya ya fito daga motar, ya kaɗe shaddarsa. Ya dubi Ilu ya ce, "Aikinka ya yi kyau, mita ta tashi, ba zan ɗauke motar daga nan ba." Ya zare makullin, ya wuce hannun da Ilu ya miƙo, ya danƙa wa Kallamu.

"Malam Kallamu, in sun gama kai za ka duba ta. Sai ka ce min ta yi, sannan in hau."