Ganuwar Ingila a Filin Hayyul Ashir

Ya dace ɗaliban Nijeriya mazauna Madinat Nasr su riƙa yin azumin godiya duk shekara, domin tunawa da ranar da Kaftin Ukasha ya sauka Alƙahira a 2014. Ba kullum Allah yake jefo wa jama'a tsohon ƙwararren mai tsaron baya na ƙasar Ingila ba, mai jan fasfo, wanda aka haifa a Tudun Wadan Zariya aka tafi da shi can yana shekara shida. Koyon Larabci ne ya kawo shi bayan ya yi ritaya. Cikin wata takwas ya ƙware a kalmomi biyu, "khalas" da "tamam", wato "shi ke nan" da "daidai", sauran lokacinsa kuwa ya sadaukar da shi ga ilimantar da mutane game da kansa.

Tarihin wasansa abin alfahari ne, kuma shi yake ruwaito shi, da isnadi mai mutum ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wata ƙungiya ta rukuni na huɗu a arewacin Ingila. Mahassada, waɗanda suka duba intanet, sun ce wasa ashirin da uku kacal ya buga, sauran a benci ya yi su. To, ai bencin ma yana bukatar mai riƙon amana. Ƙwallo uku ya ci a rayuwarsa, biyu daga ciki a ragar ƙungiyarsu, domin shi adali ne, ba ya nuna bambanci tsakanin raga da raga. Laƙabinsa Ganuwar Ingila. Shi ya raɗa wa kansa, don ya hutar da Turawa.

Ana nan sai rigima ta tashi a kan wani ƙaramin fili na cibiyar matasa a Hayyul Ashir. Shekara shida ɗaliban Nijeriya suna buga ƙwallo a wurin kowace Juma'a bayan La'asar, ranar da babu lacca, kuma daga gidajensu tafiyar ƙafa ce. Sai Hausawan Sudan, ƙarƙashin Bakri, mai sayar da yadi a kasuwar Ataba, suka ce su ma wannan lokacin suke so. Ammu Hamad, dattijon da ke kula da filin, ya yanke hukunci: a buga wasa ɗaya, mutum bakwai-bakwai, wanda ya yi nasara filin nasa ne har shekara.

Kyaftin ɗin ɗalibai shi ne Ja'afar, ɗan ajin ƙarshe a Shari'a, mutum mai ladabi har ya yi yawa. Bai gayyaci Ganuwa ba. Ganuwa ba ya jiran gayyata. Ya iso filin atisaye da tsohuwar rigarsa mai lamba biyar, wadda ta rungume tumbinsa kamar ba za su sake haɗuwa ba, ya tara jama'a ya yi huɗuba.

"Ku saurara, samari. A Ingila ba ma bin ɗan gaba da gudu. Gudu na marasa ilimi ne. Mu huɗu muke tsayawa sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Da zarar na ce 'Fita!' kowa ya tako gaba taku uku, ya ɗaga hannun dama sama. Sai ɗan gabansu ya ga kansa shi kaɗai a bayanmu. Mai tuta ya ɗaga tuta, alƙali ya busa: satar gida! Khalas! Wannan hannun da kuke gani ya tsayar da mazajen da ko sunansu ba ku isa ku furta ba."

Ja'afar ya yi gyaran murya. "Allah ya gafarta Kaftin, akwai wata 'yar mas'ala game da filin nan..."

"Ka taɓa buga wasa a dusar ƙanƙara, ɗana?"

"A'a."

"To, tamam. Koma sahu."

Ja'afar ya koma sahu. Sau uku ya ɗauko mas'alar cikin mako uku, sau uku aka tambaye shi dusar ƙanƙara. Sauran ɗaliban kuwa, waɗanda aka horar a kan cewa ba a katse malami, kuma ilimi daga bakin ma'abocinsa ake ɗauka, sun karɓi darasin da hannu biyu. Mako uku ba a taɓa ƙwallo ba sai don a ajiye ta gefe. Taku uku, hannu sama. Taku uku, hannu sama. Masarawan da ke wucewa suka zaci zanga-zanga ake koyo, suka ƙara sauri.

Ranar wasa fili ya cika. Ganuwa ya jera mutum huɗu a baya, har da shi, ya bar biyu a gaba su ji da kansu. Minti na uku wani ɗan Sudan ya cilla wa Bakri doguwar ƙwallo. "Fita!" in ji Ganuwa. Wallahi abin ya yi kyau. Taku uku daidai, hannaye huɗu suka tashi lokaci guda, kamar 'yan aji masu hazaƙa da suka san amsa. Bakri ya dubi gabansa, ya ga babu kowa sai mai tsaron gida yana salati, ya gangara ya zuba ta a raga.

Ganuwa ya juya neman mai tuta. A gefen filin babu kowa sai wata Inna Bakhita mai sayar da shayi, tana fifita gawayi da kwali. Ya nufi Ammu Hamad, wanda ke alƙalanci daga kan kujerar roba, yana ta ihun satar gida da Turanci. Ja'afar ya yi tafinta, kansa a ƙasa. Dattijon ya ce shekara talatin yana kula da wannan fili, ba a taɓa busa satar gida a wasan bakwai-bakwai ba, kowa ya san haka, har kuliyoyin unguwa. Mas'alar Ja'afar ke nan.

Ƙaramin mutum da sai ya sauya dabara. Ganuwa ba ƙaramin mutum ba ne. "Doka doka ce, ko an busa ko ba a busa ba," in ji shi. "Mu ne a kan daidai. Koma sahu!"

Suka ci gaba da zama a kan daidai har sau shida. Daga ƙwallo ta uku Bakri ya fara ɗaga musu nasa hannun in zai wuce, yana cewa, "Wa alaikumus salam, ya zol, mutumina, ina zuwa." Ta bakwai Ganuwa ne ya ci da kansa, a ragar da ta fi kusa da shi, don kada tarihi ya yanke.

Bayan an tashi ya bayyana wa ɗalibai cewa a ƙa'idar Ingila ɗaya da nema ne kawai, kuma ita ma ɗayar iska ce ta kaɗa ta.

Juma'ar da ta biyo baya, Ja'afar da mutanensa suka tsaya a bakin titi da takalmansu a leda, za su wani fili mai nisa wanda sai an hau mikrobas biyu, waɗannan ƙananan motocin haya da ba sa tsayawa sai sun ga dama. Daga bayan katanga ana jin ihun 'yan Bakri a tsohon filinsu. Ganuwa ya biyo su, domin bai yarda ya bar almajiransa cikin jahilci ba. Da ya hango mota ya ce kowa ya matsa ya ga aiki. Ya tako taku uku zuwa kan kwalta, ya ɗaga shahararren hannun nan sama.

Motar ta kauce masa, ta wuce, ta bar shi cikin hayaƙi.

Ja'afar ya dubi hannun, wanda har yanzu bai sauko ba, ya ce cikin cikakken ladabi, "Ma'alish, a yi haƙuri, Kaftin. Mu ne a kan daidai."