Yadda Na Sa Aka Zubar da Kabewar Unguwarmu a Tabki

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan so, da abin da taubashina Ɗan Jumma ya yi mini: ya miƙo mini tatsuniyar tsoratar da yaran Nasara, ya zuba ido na karanta wa jama'a ita a matsayin umarnin kwamandan, Baturen mulki.

Bari in fara da nawa laifin. Shekara biyu na yi a lakwal, makarantar boko, a Maraɗi kafin in gudo (mushe, wato malaminmu, yana da bulala, ni kuma ina da ƙafa). Da wannan guntun ilimin na zama mai karanta wa mai unguwarmu takardun hukuma a Madarumfa, har da buzuna a zaurensa. Gaskiya ban iya komai ba sai haɗa baƙi da ƙyar. Abin da ya rufa mini asiri, takardun Faransawa da zane suke zuwa. In na ga fara, in ce a fito kashe fara. In na ga hannu da allura, in ce gobe lamba. Shekara da shekaru ba a kama ni ba.

Sai wata kaka, an gama yankan gero ana ɗaurin dami, kabewa ta nuna a kan kowace danga. Ɗan Jumma, wanda ke aikin kuku a gidan wani Nasara a Maraɗi, ya zo ganin gida. Ya same ni a zaure gaban dattawa, ya durƙusa (Ɗan Jumma da durƙusa mini! A nan ya kamata in farga), ya zaro wasu shafuka daga aljihu.

"Malam mai boko, wagga takarda daga gidan Nasara ta hito. Na ce ba mai iya ta sai kai."

Zane ne mai launi, cikin ƙananan akwatuna a jere. Ga wani ƙauye shiru, ba kowa a hanya, itatuwa sun kaɗe ganye, an girbe gonaki. Ga wata tsohuwa tana yanka kabewa. Akwati na gaba, mutum tsaye a tsakiyar gona, hannuwa a miƙe, kansa kabewa, idanu jajur. Ga mutanen gari suna gudu, magana na fita daga bakinsu cikin wani abu kamar kumfa. A shafin ƙarshe kowa a garin kansa ya koma kabewa, har kare.

Na duba rubutun, ko kalma ɗaya ban gane ba (ashe ma ba Faransanci ba ne). Dattawa shida suna kallon bakina. Na gyara murya.

"Sabuwar cuta ce ta shiga kabewar bana. Duk wanda ya ci, ga yadda zai koma. Kwamandan ya ce a zubar."

Mai unguwa ya ce, "Kai, ka duba da kyau kuwa?"

"Ranka shi daɗe, ga shi har da hoto."

Kafin azahar mai shela ya zaga. Mata suka yi ta jidar kabewa zuwa bakin tabki suna salati. Surukata, Iya Hajo, wadda kabewarta ce miyarta har bazara, ta tsaya nesa da ni tana shafa kai.

"Ɗan nan, jiya fa na ci."

Na sunkuyar da kai kamar surukin kirki na ce, "Iya, sai bayan kwana ukku take nunawa."

Malam Sule wanzami, wanda Allah Ya yi shi da ƙaton kai tun haihuwa, ya rasa masu aski a ranar. Abin da ban lissafa ba shi ne kabewa ba ta nutsewa. Suka cika bakin ruwa suna lilo kamar kawunan mutane, masunta suka ce su ba su shiga.

Kwana biyu bayan haka tafintan kwamandan ya biyo, za shi garin Ɗan Issa. Ya ga tabki, ya tambaya, aka kawo shi zaure, aka nuna masa takardar. Ya yi dariya har sai da ya dafa bango.

"Wannan ai littafin tatsuniya ne, Turawa na saya wa 'ya'yansu in kakarsu ta yi, don su ji tsoro su ji daɗi. Wa ya karanta muku?"

 Juyowa kawai dattawa suka yi suka dube ni. Tafinta ya zaro wata takarda daga jakarsa, ta gaske, rubutu zalla, ya miƙo mini.

"Mushe, layin farko kaɗai."

Na riƙe ta. Na matso da ita, na nesanta ta. Gumi ya jiƙa mini riga.  Sai muryar Iya Hajo daga ƙofa:

"Ku ba shi mai hoto."

A ranar aka naɗe mini buzuna aka aiko da shi gida.

Na samu Ɗan Jumma washegari yana jiran motar Maraɗi, yana cin gyaɗa. Al'ada ta ce ba a fushi da wasan taubashi, shi ma ya sani, shi ya sa ya tarbe ni da haƙora a waje.

"Haba ɗan kawu, wasa ne!"

Na ce, "Na sani, shi ya sa haƙoranka ke nan cif. Ka koya mini abu guda: jahili na iya zama lafiya cikin gari har ya tsufa da mutuncinsa, muddin ba shi da ɗan'uwa mai wayo. Ajiye gyaɗar nan. Surukata ta aro kwalekwale, kuma ta ce ba ni kaɗai za ni tsamo kabewar ba."