Matattakalar da Kwamfuta ta Yanke wa Hukunci

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, tsohon malamin da ke zaune a saman bene yana sanar da rasuwar matattakalar ƙarfen gidansa. An yanke ta ranar Talata da hantsi.

Marigayiyar ba ta taɓa ɓoye baƙo ba. In mai gyaran famfo ya hau, sai ta ce gang, gang. Jikoki kuwa, garangaran. Uwargida, Allah Ya ji ƙanta, ita kaɗai take yi wa ƙaramar murya, ting, ting, sai shiru a tsakiya, inda take tsayawa ta hutar da gwiwa.

Matattakalar ba ta yi jinya ba. Surukin Malam injiniya ne ya zo gaisuwa, ya ji tana rawa ƙarƙashin tumbinsa, ya zana ta cikin kwamfuta. Kaurin ƙarfe, ya ƙiyasta. Ɗaurin noti, ya canka. Kwamfutar ta yi dogon nazari, ta ce matattakalar za ta karye nan da shekara biyu, ko kuma arba'in. Malam ya karanta labaran bokaye da dama, bai taɓa cin karo da wanda ya bar wa kansa fili haka ba. 'Yarsa ta ji biyun, ba ta ji arba'in ɗin ba, ta sa aka yanke ta.

Da suka ga ya daina taɓa abinci, surukin ya zo da irin tasa ta'aziyyar. Ya zuba nauyin uwargida da tsawon takunta a na'ura, ya kunna masa sautin hawanta, ya ce kuskuren bai wuce kashi goma cikin ɗari ba. Malam ya saurara har ƙarshe. Wata mace ce ta hau, ba ta tsaya ko'ina ba. Ashe matarsa kacokan a cikin goman nan take.

Marigayiyar ta bar ramuka a bango, da magajiya ta siminti, bebiya, wadda ko ɓarawo ba za ta tona ba.

Za a ɗauki gawar gobe da safe a motar mai sayen tsohon ƙarfe, wanda aƙalla zai ɗora ta a sikeli kafin ya buɗe baki. An yafe wa suruki rakiya, ya riga ya yi nasa. Malam zai bi ta har bakin titi shi kaɗai.

Uwargida ta tafi da ƙorafin cewa kullum ta dawo sai ta tarar da kansa cikin littafi, bai ma san ta shigo ba. Bai samu gaya mata ba cewa tun takunta na farko yake daina karatu.