Kwamfuta Mai Gajeren Wuya

Jama'a, ku gyara zama, yau ba kirari na zo yi wa kowa ba. Ranar Litinin da ta wuce na fito da sassafe zan buɗe rumfar niƙata, sai na tarar an zabga mata jan fenti a ƙirji, gicciye, kamar ragon da aka gama cinikinsa. Shekara ashirin da shida ina niƙa a kwanar nan. Da injin nan na yi wa mijina sutura, da shi na aurar da 'ya'ya huɗu, da shi nake ciyar da jikoki uku da uwarsu ta rasu ta bar mini.

Na ƙwala wa maƙwabcina mai gyaran rediyo kira. Shi ne ma ke rubuta mini wannan, don ni ban yi boko ba. Baki nawa ne, hannu na aro, kuma na gaya masa in ya rage kalma ɗaya ban yafe ba. Na ce, "Mai Gyara, me waɗannan marasa tarbiyya suka rubuta mini a bango?"

Ya ce, "Iya, cewa suka yi duk wanda bai nuna takardar izini mai hatimin bana ba, ranar Alhamis katafila za ta zo ta gaishe shi."

Na ce to Alhamdu lillahi, abu ya zo da sauƙi. Fayil ɗina yana ofishin izini tun kafin damina, kuma ya riga ya hau ƙusumbi.

Wanda bai saba shiga ofishin ba, bari in warware masa. Tsofaffin kwamfutocinsu masu ƙusumbi ne, irin masu ƙeyar nan kamar tukunya, da kan su fili guda. To a kan ƙusumbin ake ɗora fayil ɗin da layi ya zo kansa. Na ƙasa yana barci, na cikin kabad ya mutu, amma wanda ya hau ƙusumbi ya kusa ganin hatimi. Ba a rubuce dokar take ba, amma ta fi rubutattun aiki. Nawa ya hau tun watan jiya, da idona na gan shi. Ban iya karanta sunana ba, shi ya sa na ɗaure shi da ƙyallen zanena mai ruwan ganye, ko daga bakin ƙofa ina gane abina.

Na ja takalmi na tafi. Ina shiga na yi turus, na ɗauka gidan gyaran gashi na faɗa. Babu ƙusumbi ko ɗaya. A kan kowane tebur an kafa wani baƙin allo, siriri kamar murfin kwano, yana sheƙi, ko ledarsa ba a ɓare ba. Wata ma'aikaciya ma tana duba ɗaurin ɗankwalinta a ciki.

Na nufi tebur na uku, wurin akawun da mu 'yan layi muke kira Sai-Gobe. Na ce, "Ɗan nan, ina ƙusumbin?"

Ya ce, "Iya, ai zamani ya zo. An kwashe tsofaffin. Wannan da kike gani ta fi waccan sauri sau goma."

"Allah ya sanya alheri. Ina fayil ɗina da ke kan waccan?"

"Yanzu ba ma neman fayil da hannu. Faɗi sunanki."

Na faɗa. Ya taɓa abu ɗaya da yatsa, kafin in haɗiye yawu ya ce, "Babu."

To a nan dole in yi adalci, don ni ba na cin haƙƙin kowa. Na'urar nan tana da sauri. Tsohuwar sai ta yi rabin awa tana gurnani kamar jakin da aka yi wa lodi kafin ta ce babu, kana zaune kana addu'a, kana sa rai. Wannan kuwa ba ta ɓata maka lokaci. Kafin ka zauna ta sallame ka. Allah ya ƙara wa Mai Girma Mai Almakashi, babbanmu gwanin yanka zaren buɗe ayyuka, lafiya, shi da ya tausaya wa talaka ya sayo masa "babu" ta zamani.

Na ce, "Alhamis za a rushe ni."

Ya ce, "Ki dawo gobe." Kun ji inda ya samo sunan.

Da na koma gida na labarta wa Mai Gyara. Shi da yake yini da rediyo a kunne, babu abin da ke wuce shi. Ya ce, "Iya, ai an yi sanarwar sayen su. Kin san a kasuwa, allon da akwatin da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, duka biyun, kuɗin akuya uku ne. In kin iya ciniki ma a bar miki a biyu da ɗan taure."

Na ce, "Su fa nawa suka saya?"

"Kowace ɗaya kuɗin injin niƙa irin naki huɗu."

Na ce, "Injina huɗu? Tana niƙa ne?"

"Ba ta niƙa."

"Tana markaɗe?"

"Iya, kwamfuta ce."

"To me take yi da ya fi na tsohuwar?"

Ya sosa ƙeya ya ce wai hotonta ya fi fita tas, ba ta cin wuta, ba ta cin wuri. Na ce ni ma ba na cin wuta, ba na cin wuri, ba wanda ya taɓa taya ni ko da kuɗin kaza. Daga baya masinjan ofishin ya tsegunta mini cewa inda saurin ya fi fitowa shi ne wajen wasan kartar da ke cikin kwamfutar. Da can akawu kan yi wasa uku kafin azahar, yanzu yana yin ashirin. In wannan ba ci gaba ba ne, ku faɗa mini sunansa.

Talata na koma. An fitar da bencin 'yan jira, an jibge kwalayen sababbin kayan a wurin, don kwalin ma yana da daraja. Ni kuma gwiwa ba ta ɗaukar tsayuwa, sai na shimfiɗa gyalena na zauna a ƙasa, daidai gaban tebur na uku. An ce na zaune bai ga gari ba. Ƙarya ne, ya danganta da inda ya zauna. Ina ɗaga kai, me zan gani a ƙarƙashin ƙafar baƙin allon? Ƙyallen zanena mai ruwan ganye, yana leƙowa kamar harshen ƙadangare.

Na miƙe ban san gwiwar ta warke ba. Na ce, "Sai-Gobe! Uban me fayil ɗina yake yi a ƙarƙashin abin nan?"

Ya leƙa ya ce, "Au."

Au. Wata biyar ina sintiri, abin da na samu ke nan, au.

Masinja, wani dattijo sa'ana da ya fi kujerun ofishin daɗewa, ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinki in gaya miki. Sababbin nan gajeren wuya gare su. Da aka kafa su, kwana biyu kowa ya kama ciwon ƙeya saboda sunkuyo. Ga fayilolin kan ƙusumbi an rasa inda za a ɗora, tunda kan wannan ko allura ba ta zama. Sai wani mai basira ya ce a yi jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya."

Na ce, "Me ya sa nawa?"

Ya ce, "Masu kauri aka zaɓa. Naki shekara ashirin da shida ne, ba shi da na biyu wajen ɗaukar nauyi."

Kun ji fa. Wanda ya zo jiya da takarda ɗaya tal an sallame shi, don fayil ɗinsa ba ya tokare komai. Mu da muka tsufa muna bin doka, mu aka mayar matashin kai.

Na koma kan akawu na ce ya ɗaga ya ba ni abina. Ya riƙe baki kamar na ce ya ɗaga kabarin kakansa. Ya ce, "Iya, ki rufa mini asiri. An turo umarni daga sama, ba mai motsa kwamfuta ko da taki ɗaya sai Mai Girma ya zo ya yanka zare. Ɗan kwangila ma ya ce wadda aka motsa, in ta lalace ba ruwansa."

"Da kuka ɗaga ta kuka cusa fayil ɗina, aljanu ne suka ɗaga?"

"Wannan kafin umarnin ya fito ne."

"Yaushe za a yanka zaren?"

"Litinin mai zuwa, in Mai Girma ya dawo daga tafiya."

"Ni kuma Alhamis za a yanka ni."

Ya ɗaga kafaɗa, ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Sannan don ya rabu da ni, ya yi 'yar dariya ya ce, "In kin iya zare shi ba tare da allon ya motsa ba, bismillah, a take zan buga miki hatimi." 'Yan ofis suka kwashe da dariya. Na ce, "Masinja, kai shaida ne." Na kai hannu na auna kaurin fayil ɗin. Yatsu huɗu cif.

Abin da yaran nan ba su sani ba, shekara shida na yi ina jinyar uwar mijina, Allah ya jiƙanta, tana kwance ba ta juyi. Na iya zare zanin gado daga ƙarƙashin mutum in cusa wani, yana barci bai farka ba. Kuma ita tsohuwar ta fi allon nan nauyi, ta fi shi faɗa.

Laraba da safe na zagaya bayan rumfata na dubi bango. Na ce tunda gobe za a rushe ki gaba ɗaya, yau ki ba ni aron haƙori ɗaya. Na sa muciya na ɓanɓaro jan bulo guda. Na auna, yatsu huɗu. Na wanke shi tas, na naɗe a zani, na goya shi kamar jariri.

Mai gadi ya tare ni a ƙofa ya ce, "Iya, me kika goyo?" Na ce, "Ma'aikaci na kawo muku."

Na isa tebur na uku na kwance goyo. Na ce masinja ya danne tebur, akawu ya ja hannunsa ya rungume. Na jera bulon a gefen fayil, baki da baki, na yi bismillah. Ina tura bulo da hannun dama a hankali, fayil yana fita ta hagu, kamar ana raba faɗa. Har mai ɗankwali ta bar madubinta ta zuba ido. Sai-Gobe ya rufe ido yana salati. Da ya buɗe, allon yana nan zaune daram a kan bulo, ko karta ɗaya ba ta girgiza ba, fayil kuma yana hannuna.

Na dire masa a gaba na ce, "Hatimi."

Ya buɗe baki zai ce abin da ya saba cewa, masinja ya yi gyaran murya. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da wani tsohon hatimi na katako, wanda ko kuɗin ƙwai bai kai ba, ya hura masa iska, ya buga. Tim. Aikin da na yi wata biyar ina jira ke nan. Ko kwamfutar ba a taɓa ba.

Ina juyowa na ga 'yan layi duk sun durƙusa suna leƙen ƙarƙashin alluna. Wani tela ya gano nasa a tebur na biyar. Wata mai kitso ta ga nata a na farko, an haɗa shi da na wani mahauci don tsawo ya kai. Kafin la'asar wani mai baro ya kafa kasuwar bulo a bakin ƙofa, yana shela, "Yatsu uku, yatsu huɗu, akwai na manya mai yatsu shida!"

Alhamis katafila ta zo tana huci. Na tsaya a gaban rumfata na miƙa takarda. Shugaban masu rusau ya dubi hatimi, ya dube ni, ya yi tsaki kamar na hana shi abincin rana, ya ce wa direba, "Tsallake wannan." Ta tsallake. Injina ya kwana a ɗakinsa.

To amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta ramin da na bari, kajin unguwa suka mayar da rumfata gidan biki, suna ta'adi a hatsin mutane. Juma'a na ɗauki wani guntun katako mai yatsu huɗu na koma in yi musanya, in karɓo abina. Na tarar an shafe bulona da farin fenti, an rubuta masa lamba a goshi.

Na ce, "Sai-Gobe, wa ya yi wa bulona kwalliya?"

Ya ce, "Iya, ai yanzu kayan ofis ne. Manya sun zagayo sun gani, sun yaba ƙwarai. An sa masa suna, matashin kwamfuta na zamani. Har an ba da kwangilar kawo irinsa a sauran ofisoshi."

"Nawa guda?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Kamar tunkiya dai."

Saboda haka, ranka ya daɗe Mai Girma Mai Almakashi, ga kukana. Ba na neman tunkiya, ba na neman lambar yabo. Bulona nake so, in toshe ramina, kaji su bar ni in sha iska. In kuma ya zama dole ya zauna, to ranar Litinin in ka zo yanka zare, bayan ka gama shafa alluna ana ɗaukar hoto, ka ɗan sunkuya a tebur na uku ka gaishe shi. Tun da ya kama aiki bai makara ba, bai fita shan shayi ba, bai ce wa kowa ya dawo gobe ba. Irin wannan ma'aikaci kuwa, na san ba zai daɗe a wurinku ba.