Tutar da Tabawa Ta Ƙona

Duk shekara idan kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, hankalin ƙananan dabbobin Dajin Gumbi ba ya kwanciya. A lokacin ne Kura, Ministan Tsaro, ke fitowa da yaransa su cinna wa daji wuta. Gafiya da zomo da bushiya su fito daga ramuka a guje, hayaƙi ya rufe musu ido, su faɗa hannun masu jiransu. A fada ana kiran wannan aiki Shirin Tsaftace Daji. Abin da aka tsaftace kuwa, da yamma ake kai wa Mai Martaba Zaki a gashe.

Masarautar tana da tuta, ja da fari, da hoton tafin Zaki a tsakiya, kuma a faɗi gaskiya ba a taɓa yi wa talaka rowarta ba. Idan aka yi fari, tuta ake rabawa. Idan annoba ta shigo, a ƙaro tuta. Babu ramin da za ka leƙa ba ka tarar da su jibge a ninke ba.

Akwai wata gafiya mai suna Tabawa, wadda wutar bara ta cinye mata 'ya'ya a rami tun ba su buɗe ido ba. Ta kai kukanta fada, aka jajanta mata sosai, aka ba ta tuta ta ta'aziyya. Ta riƙe abin a ranta shekara guda. Ranar bikin haihuwar Sarki, ana tsakiyar kiɗa, ta shimfiɗa tutar nan a ƙofar fada ta cinna mata wuta. Ba ta gudu ba har aka zo aka ɗaure ta.

Majalisa ta zauna zaman gaggawa, abin da ba ta taɓa yi saboda gobarar daji ba. Kura ya miƙe yana share hawaye da jela.

"Ranka ya daɗe, ni aka ƙona! Kakanninmu aka ƙona! Wannan tuta ita ce uwarmu, ita ce ubanmu. Wanda ya ƙona ta yau, gobe gidajen jama'a zai ƙona, mu kuwa ba za mu zuba ido a ƙona wa talakawanmu gidaje ba!"

Aka yi ta tafi har ƙura ta tashi. Sai tsohon Kunkuru, wanda ake ajiye wa kujera can kusa da ƙofa domin a ce akwai 'yan adawa, ya miƙo wuya.

"Allah ya ja zamanin Sarki, ni ma ban ji daɗin ganin tutarmu tana ci da wuta ba. Amma ƙyalle ne, gobe masaƙa za su saƙa wani. 'Ya'yan matar nan wa zai saƙa mata? Ta yi magana ba a ji ba, shi ya sa ta yi hayaƙi. A sake ta."

"Ƙyalle!" in ji Kura. "Kun ji ko? Ƙyalle ya ce!"

Dila, Ministan Shari'a, ya karanto dokar da ya riga ya rubuta tun kafin a fara muhawara: duk wanda ya sa wuta ta taɓa tuta ko da zare ɗaya ne, ko ya sauke ta daga inda mai kishin ƙasa ya kafa ta, feɗe shi za a yi. Kura ya nace sai da aka ƙara "komai muƙaminsa." Zaki ya yi hamma ya dangwala tafi. Aka tsai da cewa za a feɗe Tabawa bayan tsaftacewar bana, don a haɗa bikin gaba ɗaya.

Har yau ba a san wanda ya fara ba, wasu sun ce wata bushiya ce. Ranar da Kura ya fito da yaransa da bakin wuta a hannu, sai suka tarar daji ya koma ja da fari. Tuta a bakin kowane rami, tuta a kan kowane gindin gamba, tuta ɗaure a ƙaya. Ga zomaye a jere suna rera taken ƙasa, murya na rawa amma ba su fasa ba.

"Maigida, a kunna?" in ji wani yaron Kura.

Kura ya shafa fatar wuyansa, ya ce a koma gida tukuna.

Fada ba ta yarda a fi ta kishin ƙasa ba. Aka saƙa wata ƙatuwar tuta aka lulluɓe jinkar fadar da ita, har ta sauko kan dangar zana. Sai dai tuta ba ta cika ciki. Rani ya yi nisa babu gasasshen nama, haƙarƙarin Zaki suka fito, ya fara yi wa ministocinsa wani irin kallo da ba su so. Majalisa ta sake zaman gaggawa, Kura ya sake miƙewa da hawayensa.

"Ranka ya daɗe, wace irin ƙasa ce za ta feɗe uwa saboda ƙyalle? Ƙona tuta magana ce, magana kuwa 'yanci ce. Ni tun ina ƙarami nake wannan gwagwarmaya!"

Kunkuru ya miƙo wuya ya ce shi kam a bar doka yadda take.

"Haba dattijo," in ji Dila, "ba kai ka ce ƙyalle ne ba?"

"Ni na faɗa. A lokacin babu 'ya'yan kowa a ƙarƙashinsa."

Ba a saurare shi ba, dama ba don a saurare shi aka ajiye shi ba. Aka soke doka. Aka fito da Tabawa ta rame ƙashi da fata, aka rataya mata furanni, aka naɗa ta Jarumar 'Yanci. Dila ya ce girmamawa ce a bar ta ta cinna wa daji wutar farko da hannunta, kowa ya shaida.

Aka tsayar da ita tsakanin fada da daji, aka damƙa mata bakin wuta. Kuraye suka zagaya can bayan ciyawa suka yi layi suna haɗiyar yawu. Zomaye sun daina waƙa. Daga ƙarƙashin tutocin Tabawa tana jin kukan jarirai, irin kukan da ta sani, zuciyarta ta yi mata zafi kamar a ranar aka yi. Ta dubi dajin, ta waiwaya ta dubi fada, inda Zaki ke kishingiɗe a cikin inuwar jinka yana jiran abinci.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Dila a hankali, "ni ba ilimi gare ni ba. Soke dokar nan da aka yi, kowace tuta ya shafa?"

"Kowace tuta, 'yata," in ji Dila yana murmushi, "babba da ƙarama, komai inda take."

Tabawa ta durƙusa ta yi godiya, ta hura bakin wutar har ya yi ja, ta juya wa daji baya, ta nufi fada. Kunkuru, da ya ga inda ta dosa, ya mai da kansa cikin ƙoƙonsa.