Mai Ƙara Kuzari

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Hausata ta kayar da ni a kan iyakar Jibiya, ni da na shekara ashirin ina koyar da ilimin sinadarai, ina yi wa ɗalibai faɗa a kan cusa Turanci cikin zance.

Daga Maraɗi nake dawowa, ɗauke da gwangwani biyu na ziyolait da wani abokin aiki ya samo mini bayan wata shida ina naci. Ɗalibaina huɗu na ajin ƙarshe shi suke jira. In babu shi, babu gwajin tace ruwan rijiya, babu kammala karatu a kan lokaci. Jami'in da ke duba kaya ya buɗe, ya ga fararen ƙwayoyi kamar dawa, ya juya takardar da ke jikin gwangwanin, da Faransanci take. Ya ce, "Malam, mene ne wannan?"

Tambaya ce da kalma biyu za su amsa. Sai dai malami ba ya ganin wanda bai sani ba ya ƙyale shi. Na bayyana masa cewa dangin yashi da laka ne, amma cikinsa duk ƙofofi ne da ido ba ya gani, kamar rariya: abin da ya yi daidai da ƙofa ya wuce, wanda ya fi ta ya tsaya. Da shi ake tace iskar da majinyaci ke shaƙa a asibiti, yana cikin garin sabulun wanki, a matatar mai kuma da shi ake farfasa ɗanyen mai ya zama fetur.

"To, shi me yake yi a ciki?"

Kalmar katalis ta zo bakina, na haɗiye ta (kishin harshe na kira abin a lokacin, yanzu na san girman kai ne). Na ɗaga murya yadda nake yi a aji. "Mai ƙara kuzari ne. Aikin da ya yi sanyi, shi ke tayar da shi, shi kuwa ba ya ƙarewa. Kaɗan ma ake sawa."

Direbobin da ke jiran takardu suka fara matsowa. Wani mai babbar mota, mutumin Nijar, ya rage murya, ya kira ni yadda suke kiran malami da Faransanci, ya ce, "Mushe, da shayi aka sha nai, ko da hura?"

Ban gane ba. Wallahi ban gane ba. Na ce ba sha ake yi ba, kuma don in gamsar da shi, na zuba masa kaɗan a tafin hannu, na ɗiga ruwa. Busasshen ziyolait in ya sha ruwa zafi yake fitarwa.

Ya daka tsalle. "Kai! Tun a hannu! Jama'a, wanga na gaskiya ne!"

Wani daga baya ya ce, "Malam, auna man na ɗan shekara sittin!"

Jami'in ya mayar da murfi a hankali. "Maganin maza, kuma babu rajista? Sai an kai an gwada."

Na shiga rantsuwa, da Turancin da na ƙi yi ɗazu, babu mai saurare. Ina juyowa na ga mahaifin matata, dattijon garin Gangara da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da aka ba ni 'yarsa, ashe yana cikin fasinjojin motar da ke bayanmu. Na durƙusa. Ya dubi gefe, ya gyara rawani, ya ce, "Malam, in koyarwar ce ta ƙi, a yi magana. Akwai gona."

Mako uku na yi ina rubuta wasiƙu kafin a dawo mini da gwangwanaye. Ɗalibaina sun kammala bayan sa'o'insu, kuma har yau ban gaya musu dalili ba.

Yanzu duk wanda ya tambaye ni abin da na ɗauko, tsakuwa ce nake cewa, in ja bakina in yi shiru.